Jan Babur da Itatuwan Asibiti

Akwai wani mutum da ya gaji kamfanin dashen itatuwa daga mahaifinsa. A zamanin uban, lambu ne kawai a bakin gari, da rijiya, da rumfa, da ma'aikata ƙalilan. Ɗan ne ya gina ofis, ya sayi motar ɗaukar kaya, ya sa aka rubuta suna a jikin ƙofa.

Shi ne ƙarami a gidansu, don haka Auta ake kiransa tun yana rarrafe. Ma'aikata kuwa Maigida suke cewa.

Mutum biyu ne ba su daina ce masa Auta ba. Ta farko yayarsa, wadda kowa ke kira Yaya. Ita ke kula da gandun reno, inda ake cika baƙaƙen ledoji da ƙasa, a raini ƙananan itatuwa a ciki har su isa dashe. Na biyu Kawu, tsohon ma'aikacin ubansu. Ba su haɗa jini ba, amma a hannunsa Auta ya koyi riƙon shebur.

Auta bai manta ranar da Kawu ya fara damƙa masa 'yar wuƙarsa ba. Ya ce masa, "Ka haƙa rami ya yi zurfi. Ka zuba taki. Sannan ka tsaga ledar nan, ka zare ta a hankali, kar ƙasar ta tarwatse. In ka binne itace da ledarsa, saiwa ba ta da hanyar fita. Ka ji?"

Ya ji. Ya girma da wannan maganar a kunnensa.

Wata shekara, a farkon damina, aiki babba ya faɗo wa kamfanin. Wani sabon asibiti ne, mai faɗi, ko ina siminti da rana. Daga ƙofar shiga zuwa ɗakunan kwanciya tafiya ce mai tsawo, ba ko reshe ɗaya. Masu jinya suna raɓewa a gindin katanga, suna bin 'yar inuwarta tana gudu suna matsawa.

Shugabar asibitin mace ce, ba ta da yawan magana. Likita kowa ke ce mata. Ta zaga da Auta, ta nuna masa mutanen da ke bakin katangar.

Ta ce, "Ka gan su? Inuwa nake so. Abin da nake saya a wurinka ke nan."

Auta ya ce, "An gama, ranki ya daɗe. Itatuwa kam za ki gaji da ganin su."

Matsalar ɗaya ce. Dole a gama dashe kafin ruwa ya ɗauke, kuma wurin ya fi ƙarfin mutanensa in aka tafi a yadda aka saba.

Auta ya yi ta juya abin a ransa. Sai dabara ta zo masa.

Wata safiya ma'aikata suka shigo suka tarar da sabon babur, ja wur, a tsakiyar fili, ko ledar kujerarsa ba a cire ba. A jikin bangon ofis kuma an kafa baƙin allo, an jera sunayensu da alli.

Auta ya dafa babur ɗin ya ce, "Kowa na ba shi layinsa a asibiti. Kullum da yamma za a rubuta abin da kowa ya dasa. Wanda ya fi kowa yawa ranar da aka gama, ya hau wannan ya tafi gida."

Wuri ya ɗauki sowa.

Akwai wani ƙaƙƙarfan ma'aikaci a cikinsu, mai 'ya'ya ƙanana, gidansa can bayan gari. Kullum a ƙasa yake zuwa, a ƙasa yake komawa. Guguwa suke ce masa, don ko abinci a tsaye yake ci. Ya zaga babur ɗin, ya shafa tankinsa, ya ce, "Jama'a, ku kalle shi da kyau yau. Daga baya sai dai ku ga bayansa."

Yaya tana tsaye da bokitin ban-ruwa a hannu. Da mutane suka watse ta ce, "Auta, babur na wanda ya fi me?"

"Dasawa mana."

"Dasawa kawai?"

"To me kuma ake yi a kamfanin dashe, Yaya?"

Ta dube shi, ta ɗauki bokitinta ta koma cikin gandu.

Aiki ya kankama. Mutanen da a da sai an yi ta tsawa kafin su ɗaga diga, yanzu su ke riga Auta zuwa. Hutun rana ya ragu. Lambobi a kan allo suka riƙa hawa, na Guguwa yana gaba, saura suna bin sa a guje.

Auta ya daina zuwa asibitin sosai. Allo yana gaya masa duk abin da yake son ji. In ya leƙa daga cikin mota, sai ya ga layuka kore shar, ruwan sama yana wanke ganye, ya ji daɗi ya wuce.

Wata rana Yaya ta shigo ofis ta ce, "Ledoji sun daina dawowa."

A al'adar aikin, duk yamma ana dawo da yagaggun ledoji a buhu, don kar a bar wa mai wuri shara.

Auta bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Ƙila a can suke zubarwa. Mutane na aiki kamar inji, ke kina neman tsumman leda."

Sunan Kawu kuwa yana can ƙasan allo, bai motsa ba. Yana haƙa raminsa yadda ya saba, ya zuba taki, ya tsaga leda, ya danna ƙasa da tafin hannu, ya yi wa kowane itace ɗan gurbin da zai riƙe ruwa. Kafin ya gama ɗaya, Guguwa ya yi nisa.

Sai wani mai tsokana ya ɗauki alli ya zana kunkuru kusa da sunan Kawu. Har da hula ya zana masa.

Da yamma kowa ya taru ana ta dariya. Guguwa ya ce, "Kawu, in ka iso ƙarshen layi ka gaida jikokinmu."

Auta ya fito daga ofis, ya ga zanen. Shi ma ya yi dariya. Ba mai yawa ba, amma ya yi, kuma Kawu yana kallon sa.

Bai sa an goge ba.

Kashegari Auta ya je asibitin, ya tara mutane a daidai gaban ɗakin karɓar magani, inda layin Kawu ya kai a lokacin. Sama ta fara sauya fuska, yana tsoron ruwa ya ɗauke. Ya ce, "Ku ji da kyau. Akwai wani aiki na zuwa bayan wannan. Waɗanda sunansu ya ƙare a ƙasan allo, ba zan tafi da su ba. Kamfani ba gidan hutu ba ne."

Ya faɗa ne don ya zaburar da matasa. Ko kaɗan Kawu bai zo masa a rai ba. Ya manta cewa 'yar Kawu ta dawo gida da marayunta tun da mijinta ya rasu, kuma duk bakin nan a kan tsohon yake.

Da zai shiga mota, Kawu ya matso. Ba kowa kusa da su.

Ya ce, "Maigida, a yi haƙuri da mu. Za a ƙara ƙoƙari."

Auta ya ji wani abu ya ɗan soke shi, don Kawu bai taɓa ce masa Maigida ba in suna su biyu. Amma wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, mota ta tashi.

Daga ranar lambar Kawu ta fara hawa. Ta wuce mutum ɗaya, ta wuce na biyu. Aka goge kunkuru.

Auta ya ce wa Yaya, "Kin gani? Har Kawu ya farfaɗo. Mutum dai a nuna masa abin da zai kama."

Yaya ta ce, "Allah ya sa alheri ne."

Aka gama dashe kafin ruwa ya ɗauke. Guguwa ya karɓi makulli, ya zaga fili yana danna oda, 'yan'uwansa na bin sa da tafi. Auta ya ji a ransa ya yi abin da ko ubansa bai taɓa yi ba.

Damina ta wuce. Rani ya shigo, ya miƙe ƙafa.

Wata hantsi Likita ta kira shi. Ba gaisuwa mai tsawo. Ta ce, "Ka zo ka ga inuwarka."

Tun daga ƙofa ya hango ɓarnar. Layukan da ya bari kore sun koma sanduna. Ganye ya ƙone, ya zube. Masu jinya suna nan a gindin katanga kamar yadda ya same su ran farko.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙila mai ban-ruwanku ne bai…"

"Ana ba su ruwa. Ni na sa ido da kaina. Taɓa ɗaya."

Ya kama wani busasshen itace ya ɗan ja. Ba sai da ƙarfi ba. Itacen ya fito gaba ɗaya, da baƙar leda a gindinsa, lafiya lau kamar yau aka ɗauko ta daga gandu. Ramin ko tsawon tafin hannu bai wuce ba. Ya yaga ledar. Saiwar ta nannaɗe kanta a ciki, ta dunƙule, ta mutu.

Ya ja na gaba. Leda. Ya tsallaka wani layi. Leda.

Kunya ta rufe shi, sai ta juye ta zama fushi. Ya ce, "Yaran nan sun cuce ni. Amma zo ki ga aikin mutanen kirki. Ina da dattijo, shi ya koya mini sana'ar nan. Zo ki ga layinsa."

Suka nufi layin Kawu. Daga farkonsa kuwa itatuwa suna tsaye, ganye kore, wasu har sun yi sabon toho. Auta ya kama ɗaya ya ja, ya ƙi motsi.

"Kin gani? Haka muke aiki."

Likita ta nuna masa gaba da haɓa.

A daidai gaban ɗakin karɓar magani koren ya tsaya cak. Daga nan har ƙarshen layi, sanduna ne.

Auta ya gane wurin. A nan ya tsaya ranar da ya yi maganar ƙasan allo.

Bai so ya ja ba. Amma ya ja. Leda ta fito.

Ya daɗe a tsugune, itacen yana hannunsa.

Likita ta ce, "Ban san abin da ya faru tsakaninka da mutanenka ba, ba kuma ruwana. In damina ta dawo, ka sake dasawa daga aljihunka. In rani ya sake wucewa zan zaga da ƙafata. Na ga itace a raye, mu ci gaba. Ban gani ba, na ba wani, kuma duk wanda ya tambaye ni labarin kamfaninka zan gaya masa gaskiya."

Auta ya san abin da wannan ke nufi. Sunan da ubansa ya bari ke nan a bakin rami, da abincin duk wanda ke ƙarƙashinsa.

Ya koma kamfani da niyyar korar kowa da ƙwace babur. Ya tara su a fili. Kawu ne kaɗai bai zo ba, an ce kwana biyu ba ya jin daɗi.

Auta ya jefa busasshen itacen da ledarsa a gabansu.

"Wane ne ya fara wannan ha'incin?"

Kowa ya yi ƙasa da kai.

Sai Guguwa ya matso. Ya zaro makullin babur ya ajiye a kan baro.

Ya ce, "Ni ne, Maigida. Ga makulli. Amma ka bar ni in yi magana ɗaya."

"Kana da bakin magana?"

"Kaɗan. Ka ce wanda ya fi dasawa. Na dasa. Da na fara barin leda, na ɗauka za ka zo ka kama ni. Ba ka zo ba. Da yamma aka rubuta mini lamba, ka buga kafaɗata ka ce in ci gaba. Saura suka ga na wuce su, suka bi. Ban ce na kyauta ba. Na san abin da nake binnewa. Amma allon nan bai taɓa tambayar mu ko itace zai rayu ba."

"Sai an tambaye ka? Ba ka da hankali ne?"

"Ina da shi. Ina kuma da 'ya'ya, da ƙafar da ta gaji da tafiya."

Auta ya juya wurin Yaya, yana neman ta tsaya masa.

Yaya ta ce, "Kar ka dube ni. Ni na raini itatuwan nan tun suna ƙwaya, ni ya fi kamata in yi kuka. Sun yi laifi, ba wanda ya wanke su. Amma kai ka tsaya a nan ka ce rami kake so. Sun ba ka rami."

Auta ya yi ta safa da marwa. Can ya tsaya.

"To shi ke nan. Daga yanzu yagaggun ledoji za a ƙirga. Kowa ya kawo ledar da ya cire, da ita za a rubuta masa lamba."

Guguwa ya ɗan sosa ƙeya. "Maigida, in faɗi gaskiya?"

"Faɗi."

"In leda kake so, gobe zan kawo maka buhu cike. Akwai su a sito, ga reza a aljihuna. Ko asibitin ba sai na je ba."

Wasu suka ƙunshe dariya. Auta bai yi ba. Ya dubi allon, ya dubi babur, ya ce kowa ya tafi gida sai ya neme su. Makullin ya kwana a kan baro.

Washegari da rana ya tafi gidan Kawu. Ya same shi a zaune bakin ƙofar ɗakinsa, jikoki suna wasa a tsakar gida. Tsohon ya rame. Da ya ga Auta sai ya yunƙura zai tashi.

"Sannu da zuwa, Maigida."

"Zauna, Kawu. Don Allah zauna."

Auta ya tsuguna a gabansa. Suka gaisa.

Kawu ne ya fara. "Ka je ka gani."

"Na gani."

"Na san ranar za ta zo. Tun da rani ya shigo ban ƙara bin hanyar asibitin nan ba." Ya duba tafin hannunsa. "Yaran can wasu ba su san girman abin ba. Ni na sani. Duk wanda na binne da ledarsa, sai na ce masa ya yi haƙuri, sannan in tura ƙasa."

"Me ya sa ba ka zo ka gaya mini ba?"

"In ce me? In ce kunkuru yana da shawara?"

Auta ya sunkuyar da kai.

Kawu ya nuna jikokin da kai. "Ka ce na ƙasa ba za a tafi da su ba. Na dubi waɗannan, na dubi itace. Na zaɓa. Ban zaɓi daidai ba, kuma ba zan ɗora maka ba. Hannuna ne."

Ya laluba aljihu ya fito da 'yar wuƙar nan, ƙotarta ta yi sulɓi don daɗewa. Ya miƙa masa.

"Karɓi. Wanda ya bar ta a aljihu yana dashe bai cancanci riƙe ta ba."

Auta ya ƙi karɓa. Kawu ya ajiye ta a ƙasa tsakaninsu.

Auta ya ce, "Kawu, ka yi shekaru da Baba. Bai taɓa kafa allo ba, bai taɓa sayen babur ba. Me yake ba ku?"

"Haƙƙinmu, a kan lokaci. Sai kuma abu ɗaya. In rani ya wuce, yakan kama hannun mutum su zaga inda ya yi aiki. Ya tsaya gaban itace ya ce, wannan naka ne, ya rayu. Wanda nasa suka fi rayuwa, shi ake fara tunawa in alheri ya shigo. Shi ke nan."

Auta ya ɗauki wuƙar. Ya ce, "Ka yafe mini dariyar nan."

Kawu ya kau da kai. "Tashi ka tafi, rana na yi."

A hanyar komawa maganar Likita ta ran farko ta dawo masa. Inuwa ta ce tana saya. Shi kuma ya koma gida ya sa kyauta a kan rami.

Da damina ta gabato ya sake tara ma'aikata. Ya ɗauki makullin babur ya miƙa wa Guguwa.

"Naka ne. Abin da na nema ka yi. Kuskuren tambaya nawa ne, na binne leda naka, kowa ya ɗauki nasa."

Sannan ya goge allon da hannun rigarsa.

Ya ce, "Abin da asibiti ke so shi ne itace a raye bayan rani. Abin da kamfani ke so ke nan. Daga yau shi nake so ku ma ku so. Kowa zai koma layinsa, ya tone abin da ya binne, ya sake dasawa, ya raine shi har rani ya wuce. Albashinku yana nan yadda yake, ba wanda zai jira itace kafin ya ci abinci. Amma kyauta sai an ga abin da ya rayu. In kuma Likita ta karɓi aikin gaba ɗaya, kowa yana da rabo, har masu cika leda a gandu. In layin maƙwabcinka ya mutu, kai ma ka yi asara."

Wani ya ɗaga hannu. "Maigida, ruwa fa? Famfon asibiti ba ya kaiwa layukan baya. Kar a ce mu raya itace da yawu."

Gaskiya ya faɗa. Auta ya sayar da motar hawansa ya sayi tankin ruwa da jarkoki. Ya koma shiga motar kaya tare da kowa.

Ya kuma yi abin da bai taɓa yi ba. Ya riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, in layinka ya rayu me kake so? Sai ya ga ashe ba kowa ke mafarkin babur ba. Wani rufin ɗakinsa ke yoyo. Wani yana so a koya masa auren itatuwa, wato haɗa reshen wani a jikin wani. Guguwa kuwa cewa ya yi, "Ɗan fili a gefen gandu, in raini nawa in riƙa sayar wa kamfani."

Auta ya ce, "Raya layinka."

Kawu ya zo ran da aka fara sake dashen. Bai yi wa kowa magana ba. Ya wuce kai tsaye gaban ɗakin karɓar magani, ya miƙa wa Auta hannu ba tare da ya dube shi ba. Auta ya sa masa wuƙar. Kawu ya tone nasa ɗaya bayan ɗaya, ya sake dasawa yadda ya saba, a hankali. Ba wanda ya ƙara zana komai.

Da ya kai ƙarshen layi ya goge wuƙar ya mayar wa Auta. Ya ce gwiwarsa ta gama aiki, ba zai ƙara dawowa ba. Auta ya roƙa, Yaya ta roƙa. Ya ƙi. Sai dai Auta bai bar gidansa ya rasa abinci ba.

Rani ya dawo da zafinsa. A nan mutane suka ga abin mamaki. Guguwan da ya fi kowa binne leda, shi ya fi kowa jigilar ruwa. Ya ɗaure jarkoki a jan babur, hagu da dama, yana kai da kawowa tsakanin tanki da layuka har fentin ya koɗe. Ya gama nasa ya shiga na Kawu. In ya ga layin wani ya fara laushi sai ya tsaya ya daka masa tsawa.

"Kai, malalaci! Rabona kake kashewa!"

Yaya ta ce wa Auta, "Mutumin dai shi ne. Ba abin da ya sauya a jikinsa. Inda ka ajiye kyautar ne ya sauya."

Ba duka suka rayu ba. Wasu gara ta ci, wasu awaki suka shigo suka gaigaye. Amma da rani ya wuce, Likita ta zaga da ƙafarta kamar yadda ta ce. Tana tafe tana kama itace tana ja. Ta kai ƙarshe, ta karkaɗe hannu.

Ta ce, "Akwai wani fili a bayan ɗakin haihuwa. Ka zo mu yi magana."

Ba ta ƙara ko kalma ba, ta wuce.

A ranar Auta ya aika Guguwa ya ɗauko Kawu a kan babur. Tsohon ya sauko da ƙyar, yana dogara sanda. Itatuwan ba su isa inuwar kirki ba tukuna, amma wata mata ta riga ta shimfiɗa zaninta a gindin ɗaya, ta sa kan jaririnta a 'yar inuwar da ta samu.

Auta ya kama hannun Kawu. Suka fara daga gaban ɗakin karɓar magani. Ya tsaya gaban na farko.

"Wannan naka ne, Kawu. Ya rayu."

Suka matsa gaba.

"Wannan ma naka ne."

Sai da suka kusa ƙarshen layi Kawu ya goge ido da bayan hannu, ya ce, "Auta, sakar mini hannu. Mutane na kallo."

Auta bai saki ba.

Darasi: In kana da mutane a ƙarƙashinka, ka san cewa inda ka ajiye lada, can za su nufa, na kirkinsu da na banzansu. Kafin ka ɗaga kyauta, ka tambayi kanka me ake saya a wurinka, ka ɗaura ladan a kan wannan, kar ka ɗaura shi a kan abin da ya fi sauƙin ƙirgawa. Ka tambayi ma'aikacinka abin da yake buri, ka sa hanyar samunsa ta bi ta cikin nasarar aikin. Kada ka bari mutumin kirki ya zaɓa tsakanin abincin gidansa da ingancin aikinsa. Kai kuma ma'aikaci, kuskuren maigida ba ya wanke hannunka. Ku tura wa duk mai kamfani, mai shago, ko shugaban ma'aikata da kuka sani.